Tsuntsun Kambai da Asu

Kafanchan,
9 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ƙanena Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka koma Zariya lafiya, kuma karatun jami'a bai ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a wuyanka ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Jonathan yana gaishe ka, shi ne ma zai jefa wannan wasiƙa a gidan waya in jirgin ƙasan da yake aiki a ciki ya tsaya Kaduna.

Silba, in kana tsaye nemi kujera. Na ga tsuntsun Baba! Da idona na gan shi, na kuma riƙe shi a tafin hannuna.

Ka san yadda abin yake a Kagoro tun muna yara. Mutum ya shara ƙarya a kasuwa, sai a ce, "Wannan kuma tsuntsun Kambai ne." Sunan ubanmu ya zama sunan ƙarya. Ka tuna ranar da na fasa wa Paulina leɓe a firamare saboda wannan maganar, hedimasta ya yi mini bulala shida? Har yau ban tuba ba. Shi kuwa Baba bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba: wai akwai wani tsuntsu a kurmin gindin dutse da suke kira Mai-kiran-ruwa, bayansa shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina, ƙirjinsa ruwan ɗorawa, da ɗigon ja a maƙogwaro. Wai in ya fara waƙa, kwana uku ruwan farko ya sauka, tsofaffi su fito da iri daga rumbu. Kurmin ya zama gonaki tun kafin a haife mu, waɗanda suka ji waƙar sun mutu, sai aka bar Baba shi kaɗai da labarinsa.

To, ran Asabar na je gida saboda sabuwar jinkar da za a yi wa tsohon kicin ɗin marigayiya Mama. Baba ya tafi taron dattawan coci. Ka tuna baƙar gorar nan da ke rataye a tsaiko, daidai saman murhu, wadda ya hana mu taɓawa? Mu duk mun ɗauka magani ne na zamanin da bai tuba ya shiga coci ba. Masu jinka suka sauko da ita suka miƙo mini. Ka san ni da bin diddigi, na zare toshiyar. Busassun ganye ne a sama. A ƙarƙashinsu kuma ga shi kwance, fatar tsuntsu an cusa mata ciyawa, fikafikai a naɗe. Shuɗi, Silba. Ruwan ɗorawa. Da jan ɗigon, daidai inda Baba yake nunawa a wuyansa in yana ba da labari. Ban yi ihu ba don kunyar masu jinka, amma sai da na zauna a kan turmi.

Na ɗauke shi, na mayar da toshiya, aka sake rataye gorar a sabon tsaiko. Baba bai sani ba, tunda ba ya buɗe ta. Abu mai daraja haka a ce yana zaune cikin hayaƙi da kunkunniya kamar kan kifi! Yanzu yana nan ɗakina, a ajiye inda ya dace da shi.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Mutum yana da wannan a saman murhunsa, ya bari ana yi masa dariya shekara arba'in? Kai ne mai karatun dabbobi, ka faɗa mini abin da za mu yi. Ni dai so nake in ga ranar da za a wanke sunan tsohon nan tun yana da rai.

Ka ci abinci. Ka je sujada.

Yayarka,
Afiniki


Zariya,
20 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Yaya Afiniki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Yaya Jonathan, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta kusa sa a kore ni daga laburare. Na yi tsalle, kujera ta faɗi, mai gadi ya taso. Sau huɗu na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa.

Yaya, ba ki san girman abin da ke ɗakinki ba! Bara da za a raba mana aikin bincike na shekarar ƙarshe, na roƙi malaminmu Dakta Gilbert, wani Bature mai son tsuntsaye kamar ya yi fiffike, ya bar ni in rubuta a kan Mai-kiran-ruwa. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce ba a gina ilimi a kan "Baba ya ce". Kin san abin da ya ba ni a madadinsa? Asu. Asu mai cin tufafi! Ina da kwalabe goma sha biyu cike da shi, kullum ina ƙirga ƙwansa kamar mai kiwon kaji.

Jiya na kai masa bayaninki. Muka buɗe duk littattafan tsuntsayen da ke ofishinsa, babu mai waɗannan launuka uku a jere haka. Mutumin da ba ya tashi ko shugaban sashe ya shigo, sai ga shi yana kai da kawowa. Ya ce da hutun Ista zai biyo ni Kafanchan da motarsa. Kuma in ya tabbata ba a taɓa rubuta tsuntsun ba, wanda ya kawo shi yana da bakin zaɓar suna. Yaya, za a rubuta Kambai a littattafan duniya! A London ma wani zai karya harshe yana kiran sunan ubanmu.

Kin yi daidai da kika raba shi da wannan ƙazantar hayaƙin. Kada ki aiko shi ta jirgi. Kada rana ta taɓa shi, ko ruwa, ko kyanwarki. Ki rufe, kada ki riƙa buɗewa kina nuna wa matan zumuntar coci, na san ki.

Tun jiya nake duban kwalabena ina jin haushi. Dubi yadda duniya take. Wancan yana da waƙa, yana da kyau, yana yi wa manoma aiki, amma kurmi ɗaya tak ya sani, da aka sare shi ya ƙare. Wannan kuwa ba murya, ba launi, toka-toka kamar ƙurar bayan akwati, ba wanda ya taɓa yi masa maraba, amma ba gidan da ba ya ciki daga nan har Ingila. Macen tana zuba ƙwai kusan hamsin a lungu ta mutu abinta. Tsutsar ce ɓarauniya. Kuma ga rashin kunya: irin wanda nake kiwo, tsutsarsa ɗinka wa kanta 'yar riga take yi da zaren abin da ta ci, tana ja tana yawo da ita. Na ba wasu jan ulu, suka fito da jajayen riguna. Na ba wasu kore, suka zama 'yan sikawut. Ɓarawo ne mai yawo sanye da kayan sata.

Roƙo ɗaya. Dakta yana da rikoda mai kaset. Ki lallaɓi Baba ya yarda ya yi mana waƙar tsuntsun da fito. Ya sha cewa ya iya ta, amma ban taɓa jin ya yi ba, ko ke kin taɓa ji? Kada dai ki faɗa masa komai tukuna. Ina so in ga fuskarsa ranar da motar Bature za ta tsaya a ƙofar gida.

Naki ƙane mai biyayya,
Silvanus


Kafanchan,
13 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga Shehun Malamin Asu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da 'yan sikawut ɗinka. Allah ya raya maka su. Jonathan ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce ashe kuɗin da gwamnati ke kashewa a kanka na kiwon ƙwari ne.

Na je Kagoro ran kasuwa. Na tarar da Baba a rumfar mai gyaran keke, tare da abokin wasansa Baba Sambo, wanda ya fi kowa tsokanarsa. Wani direba yana cika baki wai ya zo daga Jos cikin awa ɗaya, sai Baba Sambo ya kaɗa kai ya ce, "Kambai, ka ji ɗan'uwanka. Motansa ma yana da ja a wuya." Rumfa ta ɗauki dariya. Baba ma ya yi murmushi, irin wanda yake yi yana duban ƙasa. Silba, maganar ta zo mini har nan bakin haƙora. Na cije ta, na ce a raina, ku ci kasuwarku, Ista na tafe.

Da muka koma gida na dafa masa tuwon acca, na bari ya ci ya ƙoshi, sannan na ce, "Baba, yaya ma waƙar tsuntsun nan take? Yi mini in koya wa 'yan ajina." Sai ya ajiye kofin ruwa. Ya ce, "Bakin ya tsufa." Na ce ai jiya-jiya na ji shi yana kiran karensa da fito. Ya dube ni ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Afiniki, ka bar wannan magana." Ka san in ya kira sunana cikakke haka, an rufe shafi. Ina jin tsoron coci ne, kada a ce yana ta da al'adun dā. In ka zo da Bature wataƙila ya saki jiki.

Wani labarin kuma. Wannan sabon shirin ilimi kyauta ya cika makarantu har ba wurin sa ƙafa. An tura ni Gwantu na mako shida in taimaka wa sababbin malamai, waɗanda wasunsu da ƙyar suka girmi ɗalibansu. Jibi zan tafi, sai ƙarshen Maris.

Kada hankalinka ya tashi game da baƙonmu. Ba rana, ba ruwa, ba kyanwa, kuma ba matar zumuntar da ta ji ko ƙamshinsa. Na naɗe shi a cikin suwaitar ulun Mama, farar nan da take sawa ran Kirsimeti, wadda na ajiye tun rasuwarta. Na sa a ƙasan akwatin ƙarfe, na kulle, makullin yana wuyana. Ko Sarauniyar Ingila ba ta samu shimfiɗa irin wannan ba.

Ka gaishe da Dakta. Ka tambaye shi ko yana cin yaji.

Yayarka,
Afiniki


Zariya,
21 ga Fabrairu, 1977

Yaya,

Gaisuwa. Ki yafe gajartar wasiƙa, sauri nake yi.

Ki fitar da shi daga suwaitar nan yau! Ulu da gashin tsuntsu su ne abincin asu, ba abin da ya fi so kamar su, kuma akwati mai duhu da ba a buɗewa shi ne aljannarsa. Suwaitar Mama tana da huda biyu a hannu tun bara, da idona na gani, wato yana ciki tuntuni.

Hayaƙin da muka raina shi ne ya tsare tsuntsun shekara arba'in. Ƙwaro ba ya zama a saman murhu, shi ya sa ake rataye iri a can. Ni da nake kwana da asu nake tashi da shi, ni na ce kin yi daidai. Ki mayar da shi gorarsa. In ba hali, ki zuba kafur.

Ban san adireshinki na Gwantu ba. Na aika wannan gida, Allah ya sa Yaya Jonathan ya kai miki.

Silvanus


Kafanchan,
3 ga Afrilu, 1977

Ƙanena Silvanus,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa yadda ya faru.

Jiya na dawo. Wasiƙarka tana kan rediyo, mako biyar tana jirana. Jonathan mutum ne da ba ya buɗe wasiƙar wani, ya ɗauka gaisuwa ce da labarin 'yan sikawut. Kada ka ga laifinsa, tun jiya bai iya haɗa ido da ni ba.

Ko jakata ban ajiye ba na buɗe akwatin. Da na ɗaga suwaitar sai wasu 'yan ƙwari masu ruwan toka suka tashi, ba su ma da sauri, kamar waɗanda suka ci suka ƙoshi. Na warware. Silba, babu shi. Ciyawar da aka cusa ce kawai a dunƙule, da ƙafafu biyu kamar tsinken tsintsiya, da ɗan baki. Shuɗin nan, da ruwan ɗorawar, da jan ɗigon, duk sun zama gari. Sai wasu abubuwa birjik kamar ƙwayar shinkafa manne da ulun.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun jana'izar Mama. Shekara arba'in tsohon da bai yi ajin boko ko ɗaya ba ya adana abin nan da gora da hayaƙi. Ni mai takardar malanta na kashe shi cikin wata uku da akwatin kanti. Garin neman gira na rasa ido. Fasto ya sha yi mana wa'azi a kan asu da tsatsa, ina zaune a layin gaba ina gyaɗa kai, ashe da ni ake.

Ka ce asu ba shi da waƙa. Ai ba ya bukata. Mai waƙa shi ake ji, shi ake nema, shi ake rasawa. Wannan shiru ya shigo, shiru ya ci, ga shi ya bar 'ya'ya.

Na so in zuba komai a murhu, sai na kasa. Na kakkaɓe duka cikin wannan babbar ambulan, ƙafafun da bakin da garin da shinkafar tsiyar, na ba Jonathan ya kawo maka hannu da hannu, tunda jirginsu zai wuce Zariya ran Talata. Ka binne ko ka ba kwalabenka, yadda ka ga dama.

Ka ba Dakta haƙuri, kada ya ƙona mansa a banza. Yanzu mu ma in muka ce mun gani, za a ce 'ya'yan Kambai sun gaji ubansu. Abin da ya fi damuna shi ne gorar nan da ke rataye a kicin ba komai a ciki, Baba yana wucewa ƙarƙashinta safe da yamma. Ni na ɗauka, ni zan faɗa masa. Ka ba ni 'yan kwanaki in tara ƙarfin hali.

Taka,
Afiniki


Zariya,
12 ga Afrilu, 1977

Yaya Afiniki! Yaya Afiniki!

Gaisuwa daga baya, labari tukuna. Share hawayenki. Allah ya yi wa hannunki albarka da bai kai ambulan ɗin nan murhu ba!

Ran da Yaya Jonathan ya kawo ta, kwana biyu ban buɗe ba, ina jin kunyar kaina. Ran Alhamis na ce bari dai in duba irin asun da ya yi mana wannan aiki, ko don in san sunan maƙiyina. Na ɗauki ɗaya daga cikin abin da kika kira shinkafar tsiya, na sa a ƙarƙashin madubin da muke duba ƙananan halittu da shi. Yaya, shuɗi ne! Shuɗin marina, yana ƙyalli! Na ɗauki wani, ruwan ɗorawa. Wani rabi fari, ulun Mama ke nan, rabi shuɗi. Kin tuna na gaya miki tsutsar tana ɗinka riga da abin da ta ci? Rigunansu ne. Sun ci tsuntsun, amma sun sa kayansa!

Na zauna tun safe har aka tashi aiki ina ware su da tsinke. Ɗari da goma sha huɗu. Shuɗi sun fi yawa, sai masu ruwan ɗorawa. Ina ta addu'a a raina, har can ƙasan ambulan na same su: guda uku, jajaye wur. Maƙogwaron ke nan. Na fita da gudu na bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur.

Dakta Gilbert ya duba ya fi minti goma. Sannan ya ce wannan ba zaren rini ba ne, zaren gashin tsuntsu ne, ana ganin ƙananan ƙugiyoyinsa. Ya auna ƙafafun da bakin, ya ce na tsuntsu mai waƙa ne, kuma bai san shi ba. Zai aika da rabi zuwa wani gidan adana tsuntsaye a Ingila a gwada da nasu. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya ce da fatar tana nan da magana ta ƙare, yanzu kuwa sai an jira, wataƙila shekara, wataƙila kuma su ce shaidar ba ta isa a ba shi suna ba. Amma ya cire tabarau ya ce mini, da Hausarsa mai kama da tafiyar agwagwa, "Babanka ba ya yi ƙarya ba."

Na janye rabin zagin da na yi wa asu, rabi kawai. Ɓarawo ne har gobe. Amma ɓarawon da ya zo kotu sanye da rigar da ya sata ya fi shaidu goma. Ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido, ya kuma buɗe shi. Dakta ya ce in sauya kan aikina, in rubuta su biyun tare: wanda ya ƙare da wanda ya ƙi ƙarewa. Abin da na roƙa bara aka hana ni, asu ya karɓo mini.

Ga 'yar kwalba nan na ba Yaya Jonathan, da riguna uku a ciki, shuɗi da ruwan ɗorawa da ja, da ɗan madubin hannu. Ki kai wa Baba. Ki faɗa masa laifin namu ne mu biyu, kada ki ɗauka ke kaɗai. Tafiyarmu ta koma farkon Mayu. Dakta ya ce yanzu waƙar ta fi komai muhimmanci, don ita ce kaɗai asu bai ci ba.

Yanzu ga gaisuwar: ina gaishe ki, ina gaishe da kowa, har da kyanwa!

Naki,
Silvanus


Kafanchan,
24 ga Afrilu, 1977

Silba,

Gaisuwa. Na je, na faɗa.

Na same shi yana gyara ƙotar fartanya, don hadari ya fara haɗuwa a kan dutse. Na durƙusa na zayyana masa komai, tun daga masu jinka har akwati. Na jira faɗa. Ya ajiye fartanyar. Ya tashi ya shiga kicin, ya sauko da gorar, ya girgiza ta a kunnensa, ya ajiye.

Sai na ba shi kwalbar da madubin, na nuna masa yadda ake riƙewa. Ya fita haske. Ya daɗe a kan shuɗin. Da ya zo kan jan sai ya ce, "Shi ne." Na yi ta zuba kamar rediyo, ina ba shi labarin Dakta da Ingila da yadda za a sa sunansa a littafi. Na ce ya ba ni kwalbar in kai rumfar mai keke yanzun nan, in sa wa Baba Sambo madubin a ido. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka zauna." Sannan ya tambaye ni wace suwaita ce. Na ce farar Mama. Silba, sai ubanmu ya yi dariya, hawaye na zuba.

Ya ce in ba shi takarda da biro. Ka san rubutunsa na ajin baftisma, layi ɗaya sai ya huta. Ya yini a kai. Ya liƙe da kansa, ya ce taka ce, amma ka karanta ka aiko mini. Ga ta nan a ciki. Na yi halin Jonathan, ban buɗe ba, ko da yake Allah ya sani na ɗaga ta a rana.

Yayarka,
Afiniki


Kagoro

Ɗana Silvanus,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Ina lafiya. An yi yayyafi jiya.

Ka gaya wa Afiniki ya daina kuka. Asu gawa ya ci. Mai rai ni na kashe.

Lokacin ina saurayi an sare kurmi, saura tsuntsu biyu, miji da mata. Ina neman Mamanku. Na ce zan kawo masa abin da wani saurayi bai taɓa kawo wa budurwa ba. Na koyi waƙan har na iya. Na shafa danƙo a reshe, na ɓoye, na yi fito. Mijin ya amsa, ya zo. Ya ɗauka ɗan'uwa ne. Kwana biyu ya yi a keji, bai ci ba, ya mutu. Matan ya yi ta kira har ƙarshen damina. Shekara da ya biyo ba a ji komai ba. Tsofaffi sun tambaya wa ya yi, na yi shiru.

Mamanku kaɗai ya sani. Shi ya ce a rataye a hayaƙi. Don shi na kama, ga shi a rigansa ya ƙare. Ba laifi.

Na iya nuna goran tun dā. Amma wanda ya gani zai ce, yaya ka samu? A ce mini maƙaryaci ya fi mini sauƙi. Ku ne kuka sha kunyan, ku yafe mini. Sambo ni zan gaya masa da bakina ran Lahadi, a gaban mutane.

Ka ce wa Bature kada ya sa sunana. Ya sa sunan dutse, ko na Mamanku.

Ku zo da rikodan. Zan yi fiton sau ɗaya, ku ɗauka da kyau. Shekara arba'in da biyu ina tsoro in na yi wani zai amsa ya zo. Yanzu na tsufa, na sani ba wanda zai zo.

Ka ci abinci.

Ubanka,
Kambai